Takardar Baba Mzobe

Shekara goma sha ɗaya Nokwanda tana aiki a gidan kula da tsofaffi a garin Umlazi, ba ta taɓa gamuwa da irin Baba Mzobe ba. Ciwon mantuwa ya cinye masa sunayen 'ya'yansa, ya bar masa tsoro. Kullum la'asar sai ya zazzage aljihu yana neman takardar izinin yawo, wadda Turawa suka tilasta wa baƙar fata a da. Duk mai sanye da yunifom ɗan sanda ne a wurinsa, har ya ciji mutum biyu.

"Baba, tun ina goye aka soke dokar nan!" in ji Nokwanda. Ya tofa mata yawu.

Shugabar gidan ta ce in ya sake, ɗaure shi za a yi a gado.

Dabara ta ƙare wa Nokwanda. Ita wadda uwarta ta sha ɗauri saboda ƙona irin takardar nan, ta zauna ta haɗa ɗaya, ta manna hotonsa, ta buga hatimin ofis.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya cire hula, ya sunkuyar da kai.

"Na gode, ranki ya daɗe. In wuce?"