Ranar da Kawu Ya Yi Wa Kansa Amshi

Ko zan manta da komai na zamana a Abuja, ban da ranar da na kai Kawu waƙa gaban manya. Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai.

Kawu, yayan mahaifiyata, makaɗin kotso ne. A zamaninsa babu gidan da ba a jin muryarsa a rediyo. Amma tsufa ya zo, kiɗan fiyano ya cika gari, aka daina kiransa ko bikin suna. Har aka fara cewa muryarsa ta mutu. Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo.

Lokacin an koma mulkin farar hula, kuɗi sun shigo gari, wayar salula ta zama abin yayi. Ina aiki a wata ma'aikata, sai aka shirya taron raya al'adu. Na yi ta naci har ogana ya yarda a gayyato Kawu. Ogan nan mutum ne mai son a ga komai tsaf, kuma ba ya rabuwa da wayoyi uku a hannu. Ya ce, "Hajiya, na yarda, amma ba na son tsoho ya zo yana mana tari gaban minista. A sa tsohon kaset ɗinsa, shi ya riƙe makirfo yana motsa baki. Haka yaran yanzu suke yi."

Na tarbo Kawu a tashar Jabi, shi da 'yan amshinsa, tsofaffi duka, kowa rataye da kotsonsa. Sai da muka isa gidana a Gwagwalada suka ci suka sha, sannan na yi ƙarfin halin faɗa masa. Na zaci zai ɗauki hularsa ya koma. Sai ya yi murmushi ya ce, "Wato in tsaya ina motsa baki kamar akuya mai tuƙa? To ɗiyata, ai baƙo ba ya musu da mai gida." Da na san halin Kawu sosai, da wannan saurin yardar ya sa na sha jinin jikina.

Ranar taro ɗaki ya cika maƙil da manyan riguna. Aka kira Kawu, aka saki kaset. Muryarsa ta ƙuruciya ta tashi, zaƙi kamar zuma. Shi kuwa ya riƙe makirfo, baki a rufe gam, ya karkata kai yana saurare. Na ce shi ke nan, yau tsohon nan zai zama abin dariya, gobe a ce da ma ai muryar ta mutu.

Can sai ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji yaron nan? Na san shi tun yana da baƙin gashi. Ya iya waƙa, sai dai rawar kai."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ya ɗaga wa mutanensa hannu, kotso ya ɗauka. Kaset na ba da waƙa, Kawu da tsofaffinsa suna yi masa amshi, har da rusunawa irin ta ɗan amshi mai ladabi. Da baiti ya ƙare ya dubi mai kula da na'ura ya ce, "Kashe shi haka, ya gaji. Bari babansa ya karɓa."

Muryar ta dushe, ba zan ɓoye ba, har tarin da oga yake tsoro sai da ya yi. Amma da ya ja baitin farko tsigar jikina ta tashi:

"Wani ya ga toka ya ce wuta ta mutu,
Tona ka gani, garwashi na ƙasa."

Na ga wani dattijo a layin gaba yana share ido da bakin rawani. Ni ma kukan nake. Ashe Kawu bai gama ba. Makaɗin asali ba ya kama suna in zai yi zambo, siffa kawai yake faɗa:

"Mai waya uku, sannu da ƙoƙari,
Kunne biyu dai Allah ya ba ka."

'Yan amshi suka yi ta nanatawa. Duk ɗakin ya juya ga oga, ga shi zaune da wayoyinsa, yana ƙoƙarin tura ɗaya ƙarƙashin cinya. Minista ya yi dariya har hularsa ta zame.

Washegari oga ya kira ni ofis, na tafi ina salati. Sai ya ce, "Hajiya, a samo mini kaset ɗin da aka ɗauka na taron jiya. Kin san ba kowa ne irin wannan mawaƙi ke sakawa a waƙa ba." Daga ranar kuma gayyata ba ta yanke wa Kawu ba har Allah ya yi masa rasuwa.

Abin da na koya shi ne, kada ka rufa wa gwani asirin da bai ce ka rufa masa ba. Mu muka ji kunyar tsufansa. Shi kuwa da tsufan ya yi waƙar da ta fi ta ƙuruciya.