Injin Batir a Cikin Agogon Gado

Ni ne ba ni da gaskiya. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya yi ta karatu yana jiran inda zan wanke kaina. Ƙanena bai cuci kowa ba. Ni na ɓata masa suna a tsakiyar kasuwar Wudil, kuma tun a ranar na san gaskiya, na ja bakina na yi shiru.

Sana'ata gyaran agogo da sayar da shi. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma agogo mai wani, irin wanda ba ya cin batir, ba wanda ya fi ni saninsa a garin nan. Rumfarmu tana kan hanyar kara, inda ake cinikin shanu ranar Juma'a. A shekarun da abubuwa ke tafiya, falke in ya yi ciniki mai daɗi, wajena yake biyowa kafin ya hau mota. Ba ya tambayar mai sauƙi. Mai nauyi yake so, wanda in ya ɗaga hannu zai gaisa, hannun riga ya zame kowa ya gani. Akwai wani kamfani na ƙasar Turawa da nake ji da shi kamar a gidanmu yake. In na riƙe agogonsu har muryata canzawa take yi.

Ƙanena a hannuna ya koyi aikin, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ya girma ya yi aure ya haihu, rumfar nan ɗaya ita ke ciyar da gidana da nasa. Sai zamani ya juya. Kaya suka yi tsada, waya ta shiga aljihun kowa tana nuna lokaci, wanda zai sayi agogo mai nauyi yanzu buhun masara yake tunani. Kayan gyaran ma suka gagara. Mukan wuni muna kaɗe ƙura daga gilashi muna kallon masu wucewa.

Ya sha gaya mini mu kawo masu sauƙi, na roba da na batir, waɗanda ɗalibai da samarin ƙauye za su iya saya. Na ce masa rumfata ba ta ɗan koli ba ce, in tallan roba yake so ga tasha can. Haka nake magana a lokacin. Alhali da safe matata ta gaya mini hatsi ya kusa ƙarewa.

Ana nan wani falke mutumin Darki, dattijo mai sanyin magana, ya kawo agogon mahaifinsa da ya rasu. Na kamfanin nan da nake ƙauna ne. Wani ɗan ƙarfe ya karye a ciki, na nema a Kano ban samu ba. Na ajiye agogon, kullum ya zo in ce masa ana nan ana nema. Watanni suka wuce. Rannan na tafi ta'aziyya Indabo, da na dawo ƙanena ya ce mai agogo ya zo ya karɓi kayansa. Ban tambayi komai ba, daɗi ma na ji an sauke mini nauyi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, falken ya zo wucewa ya tsaya gaishe mu. Bencin mai shayin da ke maƙwabtaka da mu cike yake da dillalai. Ya miƙo hannu, sai na ga agogon yana tafiya. Wanda ba ya wannan sana'a ba zai lura ba, amma hannun sakan na agogo mai wani sulalewa yake yi, na batir kuwa tsalle yake yi ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsalle yake yi. Nan take na san an cire ainihin injin an sa na batir.

Na riƙe wuyan hannun dattijon mutane, na ɗaga shi sama kamar na kama ɓarawo. Na juya wajen ƙanena na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ina injin mutane? Ka ƙwaƙule agogon gado ka cusa masa roba. Wannan algus ne, kuma ba a rumfata ba."

Falken ya yi ta cewa in tsaya in ji, ni kuma ina ta zuba. Na ce wanda ya iya wannan zai iya fiye da haka. Na ce duk wanda ya taɓa barin agogo a hannunsa ya je ya buɗe ya duba. Ƙanena ya cire ɗan gilashin da muke maƙalawa a ido, ya ajiye, ya kwashe sukundirebobinsa ya fita.

Bayan mutane sun watse falken ya zauna kusa da ni. Ya ce shi ya roƙi a yi hakan. Ƙanena ya yi masa bayani dalla-dalla, ya gaya masa darajar agogon za ta ragu, shi kuma ya ce ba sayarwa zai yi ba, so yake ya ɗaura abin mahaifinsa ya ga yana motsi. Tsohon injin ma an naɗe masa shi a ƙyalle, yana gida cikin akwati, in an samu ƙarfen a mayar. A hankali ya faɗa, mu biyu kaɗai. Zagin kuwa kasuwa guda ta ji.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. Dillalan ba su yi nisa ba, kira ɗaya zai dawo da su. Amma na zauna ina gaya wa kaina ai ko da iznin mai shi, wulaƙanta agogo irin wannan laifi ne. Har yau in na tuna wannan zaman, sai in ji kamar in mari kaina.

Ƙanena ya kafa ɗan tebur kusa da ƙofar jami'a yana sayar da masu sauƙin. Ɗalibai suna saya. Amma gyara ya mutu masa, kuma gyara shi ne abincin mai wannan sana'a. Mai gyara yana rayuwa ne da a bar masa kaya a tafi. Maganata ta riga ta hau motocin Achika da Darki ta shiga ƙauyuka. Wata rana na bi ta wajen teburinsa a kan babur, na hango wani manomi ya kawo canjin batir kawai, amma ya tsaya a kansa, ya sunkuyo, idonsa a kan yatsunsa har aka gama. Ƙanena yana aiki kansa a ƙasa. Na ƙara wa babur wuta na wuce.

Sai na bi hanyar da manya ke bi in sun yi wa na ƙasa laifi. Da Babbar Sallah na aika masa cinyar rago guda. Na ɗinka wa 'ya'yansa kaya. Ya karɓa ya yi godiya. Bai taɓa fasa zuwa gaishe ni da safe ba, ya durƙusa ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" ya tambayi iyali ya tafi. Wannan ladabin ya fi zagi ƙona mini rai. Na so ya yi mini rashin kunya ko sau ɗaya in samu abin riƙewa. Bai yi ba.

Akwai wani malamin jami'a da ke kawo mini agogonsa wanki lokaci-lokaci. Rannan yana zaune ina ta yi masa ƙorafin zamani, ina cewa masu sana'ar gaske ba sa sauka ƙasa ko yunwa za ta kashe su. Ya yi dariya ya ciro waya ya nuna mini hoto. Kamfanin nan nawa ne, da tambarinsa da komai, ya fito da agogo mai sauƙi, maɗaurin roba, injin batir, launi kamar alewar yara. Ya ce manyan kamfanonin da yawa haka suke yi yanzu, kasuwa ta ja baya, suna neman matasa da masu ƙaramin ƙarfi don kada masana'anta ta rufe.

Na karɓi wayar na ƙura ido. Haushi ya turnuƙe ni. Mutanen da ba su san ina duniya ba, ba su taɓa jin sunan Wudil ba, saboda martabarsu na tozarta ɗan'uwana. Su da suka ƙera abin sun ga yunwa sun sunkuya, ni mai goge musu gilashi a bakin kara na ƙi. Amma ko wannan haushin na ƙarya ne. Ko da ba su taɓa yin agogon roba ba, ƙanena bai saci injin kowa ba, kuma na sani. Abin kunyar shi ne sai da na ga Bature ya yi sannan zuciyata ta yarda.

Na je har Darki na samu falken, na roƙe shi ya zo rumfa ranar Juma'a, ya biya ya taho da ƙanena, don na san in ni na kira zai ce yana da aiki. Suka zo bayan masallaci. Bencin mai shayi ya cika kamar kullum. Wani dillali ya ce yau kuma wa za a kama, aka yi dariya. Ban zauna ba. Na sa falken ya faɗi yadda aka yi da bakinsa, ya faɗa. Sannan na ɗaga murya daidai yadda na ɗaga a wancan karon.

"Jama'a, abin da na faɗa a kan ƙanena ƙarya ne. Bai yi algus ba, bai taɓa cin amanar kowa ba. Tun a ranar aka gaya mini gaskiya na ɓoye saboda girman kai. Wanda ya kai waccan magana ƙauyensu, don Allah ya kai wannan ma."

Na juya wajensa, na durƙusa a gaban mutane.

"Na zalunce ka, ɗan'uwana. Ka yafe mini don Allah."