Lambar Baba a Wuyan Tukunya

Mahaifina, Malam Bartholomew, ya koyar da lissafi a firamare har furfura ta cika kansa. Da ya ajiye aiki sai ya ɗora wa kansa wata wahala. Ya samo lamba mai gida tara, ya rantse sai ya gano ko tana cikin lambobin nan masu taurin kai, waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu. Hanyarsa ɗaya ce: ya yi ta raba ta da ƙananan 'yan'uwanta bi da bi, duk wanda ya bar saura ya wuce na gaba. Shekaru ya yi a kai. Mantuwa ta fara cinsa, har sunana, Juliet, yakan ɓace masa, shi ya sa ya rubuta lambar da gawayi a bangon ɗakinsa, ya hana kowa taɓawa. Ni kam haushi abin yake ba ni.

Lokacin ana ɗauko gwamnati daga Legas zuwa Abuja, titi ya biyo ta ƙauyenmu. Ranar da motar rusau ta zo, Baba yana asibiti a Kwali, ni ina gona.

Mahaifiyata, Mama Christina, ba ta yi boko ba, ginin tukwane ne aikinta. Direban ya ce ta kwashe kaya.

"Oga, ka jira kaɗan, mijina tana da abu a bango," in ji ta.

"Madam, ba time!"

Ya tayar da inji. Gidan maƙwabta ya faɗi, ƙura ta turnuƙe. Ta rarumo ɗanyar tukunyar da ta gina da safe, ta shiga ɗakin da tsinke. Ta dubi bango ta zana, ta sake duba ta zana, tana zagaya wuyan tukunyar kamar yadda take yi in tana ado. Katangar gidan ta fara zubewa kafin ta fito da ita a kafaɗa.

A sabon matsuguninmu, wajen Kuje, ta gasa ta, ta ajiye gaban Baba. Gidaje tara cif, ko ɗaya bai ɓata ba. Amma adon tukunya ba a barin masa giɓi, sai da ta haɗe ƙarshen da farkon, suka zama zobe, ba a gane inda lambar ta fara.

Baba ya juya tukunyar. Ya sake juyawa.

"Christina, daga ina kika fara?"

"Na fara inda hannuna ta kama."

Ya ajiye tukunyar. Sai ya ce, "Sannu da ƙoƙari," ya nemi a miƙo masa gawayi. Na fita waje na yi kuka.

Bai taɓa gaya mata cewa farkon lambar ya ɓace ba har ya rasu. Har yau duk baƙon da ya sha ruwa a tukunyar, sai Mama ta nuna masa wuyanta, ta ce ita ta ceto aikin mijinta.