Ƙamshin Tsiro a Kallabina

Yanzu a Greensboro idan mace ta ce giya take dafawa, ba wanda zai juyo ya kalle ta. A shekarun casa'in, lokacin da maigidana ya kawo mu unguwar Glenwood don karatun digirinsa na uku, mata biyu kaɗai na sani a garin masu wannan sana'a, ɗayarsu kuwa maƙwabciyata ce.

Takardar zamana a ƙasar ba ta ba ni izinin aiki ba, kuma ban iya tuƙi ba. Na zauna a Tamale, na zauna a Wagadugu da wani gari a Jamus, ko'ina na koyi harshen kasuwa cikin 'yan watanni. A nan babu kasuwar da ƙafa za ta kai ni. Daga ɗaki sai taga, sai coci ranar Lahadi.

Maƙwabciyar Ba'amurkiya ce. Ita da yayarta suna da ƙaramin wurin dafa giya a wani tsohon sito a Pleasant Garden, can bayan gari. Wata rana tana sauke buhun tsiron sha'ir na dafa giya daga mota, ƙamshin ya bugo ni, bakina ya riga ni: na ce tsiron nan ya ji danshi. Ta tambayi inda na san tsiro. Sai na gaya mata abin da na yi shekara ashirin ina ɓoyewa, cewa uwata burukutu take dafawa. A coci cewa nake yi hatsi take sayarwa.

Daga nan ta fara ɗaukata kowace Talata. Burinsu giya mara ƙarfi, wadda za a daɗe ana hira a kanta, mutum ya tashi da ƙafafunsa. Na yi dariya, don irinta uwata ke yi wa 'yan gayya: a sha daga hantsi zuwa la'asar, kunyar noma ba ta karkace ba. A Tamale ma mata ke dafawa, haka a Wagadugu. A Jamus ne na ga maza sun ƙwace tukunya.

Tun da aka yi mini baftisma ban kai giya bakina ba. Da hanci nake aiki, da kunne. Nakan jingina kunne a jikin tankin ƙarfe in saurari tashin giyar, in ce musu ta kusa. Ba na karɓar ko kwabo. Ranar Talata dai akwai masu jiran in buɗe baki.

Kafin mu koma gida nakan sauya riga da zane. Kallabi ne ban taɓa tunawa da shi ba, don tun tasowata ba na buɗe kaina a waje. Shi kuwa tururi ya fi kamawa.

Wata Talata na tarar da shugabar zumuntar mata ta cocinmu a ƙofa, ta zo ziyara. Dattijuwa ce daga wajen Kafanchan, Mama muke ce mata. Ta rungume ni, sai na ji ta ja numfashi sau biyu.

"Ƙanwata, ina kika je?"

"Rakiya na yi wa maƙwabciyata, Mama."

"Rakiya? Ko dai tukunyar kika rako har gida? Wannan dahuwa ta biyu ce, kafin a tace."

Na dube ta. Ba mai sanin dahuwa ta biyu sai wadda ta girma tana tura itace a gindin tukunya. Ta ga na gane, ta kawar da kai.

"Tawa uwar ma," ta ce a hankali. "Shekara arba'in ban faɗa ba. Amma mijinki dattijon ikilisiya ne. In wani hancin ya ji, gaban jama'a za a tsayar da ku. Ni ba zan faɗa ba, ke kuma kada ki koma."

Ban da cocin nan ba mu da kowa a garin. Talatar da ta biyo baya maƙwabciyata ta yi hon har sau uku, ina zaune bayan labule. Daga baya na ce mata ciwon baya ne. Ta kawo mini miya, ta ce giyar ta fito yadda na ce.

Mun ƙara shekara huɗu a gidan nan, ina jin tashin motarta kowace Talata. Ban sake taka siton ba. Amma daga ranar da Mama ta shinshini kallabina, ban ƙara ce wa kowa uwata hatsi take sayarwa ba. In an tambaye ni, sai in yi shiru.