Kabarin Matata a Bayan Ganuwar Ruwa

Da matata ta rasu, a wata 'yar makabarta muka binne ta, can gabas da garin Barking a ƙasar Turawa, inda kogi ke buɗewa ya shiga teku. Makabartar tana bayan wata doguwar ganuwar ƙasa da ke tare ruwa. Na ga ganuwar, ban sa ta a raina ba. Ni mutumin Kano, ruwan da na sani na damina ne, ya yi ɓarnarsa ya tafi.

'Yarmu, wadda a nan aka haife ta, ta roƙe ni a kafa dutse da sunan mamarta. Na hau ta da faɗa. Na ce kakanninta suna kwance a Kano ba dutse ba rubutu, kuma addu'a ba ta taɓa ɓatan hanya ba. Aka bar ɗan katakon nan mai lamba da masu makabarta ke kafawa. Taurin kai dai ina da shi, ban musa ba.

Sau biyu a lokacin sanyi ruwa ya tsallake ganuwar, ya kwashe katakan, ya shafe ƙasar. Daga baya wasiƙar kansul, wato ƙaramar hukumar yankin, ta zo, suna kiran taro. Wata jami'a ta nuna mana taswira. Inda gidaje ke da yawa za su ƙara wa ganuwa tsayi, inda babu kuwa za su bar wa ruwa sannu a hankali, don teku ƙara hawa yake yi. Makabartarmu tana cikin wurin da za a bari. Na ɗaga hannu na tambaya yaushe ruwan zai janye. Ta ce ba zai janye ba. Amma duk wanda ya tabbatar da kabarin mamacinsa, za a mayar masa da shi kan tudu.

Limaminmu ya ce larura ta halatta hakan, da sharaɗin kada a tone na wani.

Muka je da jami'ar da 'yata. Littafin makabarta ya ce layi na huɗu, to ina layin? Ciyawa ce da taɓo, fili ɗaya sumul. Na yi gaba, na dawo, na tsaya nan, na koma can. Shekara talatin muna ɗaki ɗaya da baiwar Allah nan, wai yau na kasa sanin inda take. Wallahi kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

Jami'ar ta ce kada in yi gaggawa. 'Yata ba ta yi mini gori ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dube ni kawai, ta haɗa 'yar Hausarta da ƙyar ta ce, "Baba, nuna mini inda zan tsaya."

Na ce, "Ban sani ba, 'yata."