Tarwaɗar da Kaka ta binne

Jiya malaminmu ya ce ruɓaɓɓen ganye yana ciyar da ƙananan halittun cikin laka, su kuma su mayar da zaiba guba mai taruwa a jikin kifi. Sai Kaka ta faɗo mini a rai.

Ba ta soya kifi sai ta san ruwansa. Shekarar da soja suka sauka daga mulki na kamo tarwaɗa, wallahi ta kusa kai jaki girma, a kududdufin Sabon Gari inda wani maƙerin zinariya ke zubar da ruwan zaibarsa. Kaka ta shinshina baƙar lakar ƙafata, ta binne kifin.

Ina kuka na ce, "Tsohuwa, na sake ki!"

Ta ce, "Sake ni, angona, amma da lafiyarka."

Allah ya haskaka kabarinki, Kaka. Na janye sakin.