Neman Wayar da Za Ta Ji Yatsan Kawu Ilu

Gangara zuwa Gazawa

Ana sallame sallar asuba muka bar Gangara a kan kabu-kabu guda, ni da Kawu Ilu, yayan mahaifiyata. Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, Mushe ake ce mani, saboda haka duk abin da ya shafi takarda ko na'ura a danginmu ni ake kira, ko na sani ko ban sani ba. Wannan karon waya ce. Ɗansa Sani, wanda ya daɗe yana aikin gini a Aljeriya, ya aiko a saya wa tsohon babbar waya mai shafawa.

In Sani zai kira, sai ta wayar mai caji na bakin kasuwa, a buɗe murya, 'yan zaman benci na saurare. Kawu ba ya wuce "lafiya lau" da "a gaida abokan aiki". Tun a gida ya gindaya mani sharaɗi: "Mushe, wadda zan ɗauka da hannuna nike so. In sai wani ya ɗaukar mani, a bar ta."

Mun isa Gazawa ba a buɗe shaguna ba, muka sha koko da ƙosai a tasha. Shagon da muka fara shiga, wayoyin duk suna cikin kwali, a naɗe da leda. Kawu ya nemi a buɗe guda ya taɓa.

"In an ɓare leda an saya ke nan, Baba," in ji mai shagon.

"Ko akuya ai ana buɗa bakinta a duba haƙori."

"Wannan ba akuya ba ce."

Kowa da gaskiyarsa. Muka koma tasha muka shiga motar hiyas.

Agye

Hanya kwalta ce, gonaki duk an girbe, sai kara a tsaye. A shingen jandarma aka karɓi katin kowa aka duba, aka mayar. Da hantsi muka sauka Agye.

Shagon da muka shiga nan kiɗa ke tashi, samari sun cika shi suna jiran caji. Mai shagon ba shi da rowa, sai dai gaggawa. Ya zaro waya yana ta shafawa, hoto na korar hoto, kafin ido ya kama wannan ya wuce wancan. Sannan ya miƙa wa Kawu. Kawu ya ɗora yatsa ya ja, gilashi bai motsa ba. Ya sake, ya danna da ƙarfi, shiru. Yatsan da ya yi shekaru yana riƙon hauya da yankan gero ya yi kanta, waya ba ta jin sa.

Wani saurayi ya ce, "Baba, yatsan ga sai an kai shi maƙera an sassaƙe." Aka yi dariya. Mai shagon ya so ya gyara, ya ƙara ɓatawa: "Ba komi, saya kawai, yara su riƙa ɗaukar maka."

Kawu ya ajiye wayar a hankali, ya sa hannun dama a aljihun riga. Abin ya yi mani zafi, amma ban ga amfanin cacar baki da yaran mutane a garinsu ba. Har muka wuce Cadawa hannun nan bai fito ba.

Maraɗi

Bayan azahar muka shiga wani babban kanti mai ƙofar gilashi da na'urar sanyi. Nan wayoyi a fili suke, an ɗaure kowace da igiya, kowa na iya taɓawa. Ma'aikacin ya dube ni da jakata, ya juye zuwa Faransanci, yana zayyana mani kyan hoto da ƙarfin batir. Kawu na tsaye a gefe, ko sannu bai samu ba. Akwai wata da na yaba da ita ƙwarai, na ce ya gwada.

"Mu tahi, Mushe. Sanyin ga na shiga mani ƙashi."

Muka ci shinkafa da wake a bakin tasha, muka nemi motar Gidan Rumji. Dama Kawu na da niyyar zuwa can yi wa 'yarsa Hadiza barka da haihuwa. Direban ya tsaya a Tibiri ya ɗora buhunan wake har motar ta karkata, ya ce mana haka ta fi son tafiya.

Gidan Rumji

Bayan la'asar muka sauka. Aka kawo fura, daga baya tuwon gero miyar kuka, muka kwana a zaure. Kawu ya ce maganar waya ta wuce. Da safe mijin Hadiza ya ce akwai wani shago kusa da kasuwa. Kawu ya bi mu ne don kawai ba a musu da suruki a gidansa.

Shagon ƙarami ne, wayoyin ba su da yawa. Mai shi wani magidanci ne Bagobiri, ana ce masa Nomau. Ya gaida Kawu gaisuwa mai tsawo, hannu cikin hannu, har da tambayar yadda damina ta bar mu. Ya sallami mutanen da ke zaune, ya kai Kawu benci a bayan kanta. Ya ba shi waya buɗaɗɗiya, ya nuna masa sau ɗaya, a hankali, yadda ake jan koriyar alama in kira ya shigo.

"Riƙe mani wagga, Baba, in nuna ma Mushe wani abu waje."

Da muka fita babu wani abu. Muka tsaya a inuwar bishiyar bedi, mun juya wa shagon baya. Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Dattijo ba shi koyon abu ana kallonai." Ya ciro tasa wayar ya kira waccan.

Muna jin ta tana ƙara a ciki har ta katse. Ya sake kira, yana tambayata kuɗin wake a wajenmu. Ta sake katsewa. Wani ya zo sayen caja, ya ce masa ya dawo an jima. Ban ƙirga sau nawa ya kira ba, na dai fara tunanin motar komawa. Can sai ƙarar ta tsaya a tsakiya, muryar Kawu ta fito daga hannun Nomau: "Salamu alaikum?"

Da muka shiga Kawu ya nuna mana. Ya lanƙwasa yatsa ne ya ja da bayan gaɓa, inda fata ke da laushi. Ya sa aka sake kira, ya ɗauka a gabanmu. Na ja shi gefe na gaya masa ta Maraɗi ta fi wannan hoto da batir, kuma ba ta fi ta tsada ba. Har yau ra'ayina ke nan.

"Na ji," in ji shi. "Wannan za a naɗe mani."

Komawa gida

Kashegari muka juyo. Ban da faci da aka tsaya yi kusa da Cadawa, babu abin da ya faru a hanya. Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Hadiza da mijinta da suka sauke mu, da mai shagon da ya bar cinikinsa ya tsaya a inuwar bedi.

Mun isa Gangara rana ta yi sanyi. Na aika wa Sani sabuwar lamba, maƙwabta kuma suka taru a ƙofar gida ganin waya. Ba a jima ba ta yi ƙara. Kawu ya lanƙwasa yatsa ya ja, fuskar Sani ta cika gilashin.

"Baba? Wa ya ɗaukar maka?"

"Ni na ɗauka."

Ya tashi daga cikinmu ya shiga ɗakinsa, ya saki asabari. Mutane suka ɗan zauna, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka kira magariba ya fito, idanunsa sun yi ja, ya ce a ba shi buta. Abin da suka faɗa, babu wanda ya ji.